Baron da Ya Rasu Yana Jiran Ɗakin Girki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya daidai gwargwado, ni Harisu mai garke a bayan Sandamu, a madadin iyalina da shanuna, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar baronmu, wanda ya cika ranar Talatar da ta wuce, bayan shekara tara yana tare da mu.

Marigayin ya shigo gidan nan ne da aiki guda ɗaya. Shekarar da aka haifi 'yarmu Khairunnisa, na tarar da mai ɗakina Juwairiyya tana tuƙa tuwo a tsakar gida ana ruwa, goyo a baya, tana kare wuta da faifai. Raina ya sosu. Na yi alkawari a gaban murhun cewa kafin wata daminar sai na gina mata ɗakin girki. Washegari na hau babur zuwa Daura na ɗauro baro sabo fil, kore shar. A ganina na lokacin, wanda ya mallaki baro ya gama rabin gini.

Ba zan ɗora wa mamaci laifi ba. Da kaka na ce a bari a gama shigar da gero. Da rani rijiya ta ja baya, na ce shanu za su sha ko ƙasa za a kwaɓa? Da bazara muka buga tubali, damina ta sauko ta mayar da shi ƙasar da aka ɗebo. Haka muka zagaya sau tara, kowace shekara da hujjata mai kyau, har Khairunnisa ta isa riƙe wa uwarta faifan.

A tsawon wannan jira marigayin bai zauna haka kawai ba. Ya kai taki gona, ya kawo harawa, ya yi jigilar jarkoki daga rijiya. Ya taɓa ɗauko ɗan maraƙin da aka haifa a daji. Maƙwabcinmu Abdulbaƙi ya are shi wata biyu ya gina wa matarsa ɗakin girki da shi, har da taga, ni kuwa kullum ina tsaye a wurin ina ba shi shawara.

Ciwon ajali ya fara shekara uku da suka wuce. Tun daga nesa ake jin kukansa, ƙiii-ƙiii, ƙiii-ƙiii, yana roƙon ɗan baƙin mai a gindin taya. Na ce gobe. Daga baya murya ta dishe ta koma gwarar-gwarar. Amadu mai walda ya duba shi ya ce ƙarfen tayar ya cinye, a canza tun da wuri. Na ce bayan kaka.

Ranar Talata da hantsi hadari ya fara haɗuwa a gabas, Juwairiyya ta fito da faifanta ta jingine kusa da murhu, ko kallona ba ta yi ba. Abin ya ci mini rai. Na loda wa marigayin duwatsun harsashi, karo na farko da na ba shi aikin da na saye shi dominsa. Taku bakwai muka yi. Ya ce ƙaras! Tayar ta tafi ita kaɗai ta nufi turken awaki, shi kuma ya durƙusa a gabana.

Ya rasu ya bar shebur, da cokalin gini da bai taɓa shiga ƙasa ba, da ƙofar langa-langa mai shekara shida a jingine bayan rumbu, da buhun siminti huɗu waɗanda tuni suka zama dutse.

Na so a miƙa gawar ga 'yan gwangwan. Amma da la'asar ruwan farko ya sauka, na dawo daga ɗaure shanu na tarar Juwairiyya ta kafa gwafa huɗu ta kife kwanon baron a saman murhu. Wuta na ci hankali kwance, ruwa na sauka a kan ƙarfen, kwal-kwal-kwal. Tuwo ya zo da zafinsa, na ci kaina a sunkuye.

Saboda haka ba za a binne marigayin ba, yana nan a bakin aiki. Za a karɓi gaisuwa a filin ɗakin girkin daga gobe da safe, akwai wurin zama a kan simintin. Kada kowa ya zo da shawara, ina da ita har ta yi yawa. Mai zuwa ya taho da gammo, don yanzu a ka za mu ɗauki duwatsun. Rufin da marigayin ya bari tukunya kawai ya isa, mai tuƙa tuwon har yanzu a waje take.