Rasuwar Rina, Injin Jirgin Baba Kambai

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da kuma miƙa kai ga nufin Ubangiji, Mama Afiniki Kambai ta layin bayan tashar jirgin ƙasa, Kafanchan, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Rina, ƙaramin injin jirgin sama irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa. Ta yi numfashinta na ƙarshe ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kan bencin katakon da ke gindin mangwaro. Ta rasu bayan shekara arba'in da biyu a gidan, wata goma sha ɗaya bayan rasuwar maigidanta, Baba Boaz Kambai.

Wanda bai san marigayiyar ba, zai iya raina ta. Tafin hannu ɗaya ya ishe ta zama, nauyinta kuma bai kai na gwangwanin madara ba. Ta shigo Kafanchan ne a hannun wani malami Ba'indiye da ya koyar a nan, kuma da zai koma ƙasarsu ya miƙa wa Baba ita a cikin gwangwanin biskit, ta daskare da tsatsa, ya ce babu wanda zai iya tayar da ita. Lokacin Baba makaniki ne a loko, wato garejin jirgin ƙasa, yana gyaran manyan injuna. Ya jiƙa ta a kananzir mako biyu. Da ya ga fiston ɗinta ya lalace, sai ya sassaƙa mata sabo da hannunsa a lokacin hutun cin abinci. Ranar da ta fara kuka, ta yi tuf, tuf, sannan ta saki wani wiiii mai tsini da ya watsa kajin layin gaba ɗaya. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gidan rina aka taɓa. Sunan da ya bi ta ke nan.

Marigayiyar mai biyayya ce. Ba a taɓa kaɗa mata farfela fiye da sau uku ba ta amsa ba. Ta ɗauki jirage bakwai zuwa sama, duk na tukurwa da falanki da Baba ya ƙera, waɗanda bai taɓa yarda a kira su kayan wasa ba. Ta faɗa gonar shinkafa a hanyar Godogodo, aka tono ta da laka har baki, aka wanke ta, washegari ta tashi. Abincinta sifirit ne da man zurma, kuma ba ta taɓa neman ƙari ba.

Ta dalilinta ne aka san Baba a wuraren da ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Shekara ashirin da bakwai yana rubuta shafinsa, Daga Bencin Kambai, a wata 'yar mujalla ta masu sha'awar ƙananan jirage. Masu irin wannan sha'awar ba su da yawa, amma duk inda suke sun san shi. Daga Jos, daga Zariya, daga Inugu, mutane kan naɗe injinsu a tsumma su ba direban bas ya kawo Kafanchan. Da wayar hannu ta zo, sai ya riƙa cewa mutum ya tayar da injin ya kara masa wayar. Ya kan rufe ido ya saurara, sannan ya ce a buɗe allurar mai kaɗan, ko a canza filogi, ko kuma a haƙura. Bai taɓa yabon injin da bai cancanta ba, bai kuma taɓa dariyar tambayar mai koyo ba. Duk abin da ya rubuta, a jikin Rina ya fara gwada shi.

Gaskiya ta wajaba a sanarwa irin wannan, saboda haka Mama Afiniki ta ce a faɗa cewa a yawancin waɗannan shekarun ba ta ƙaunaci marigayiyar ba. Man zurma ba ya fita daga riga, kuma ita ce mai wanki. Ko sau ɗaya ba ta karanta shafin ba. Idan mujallar ta zo, ta kan ɗora ta a kan akwati ta koma aikinta. Abin da ya haɗa ta da Rina shi ne ranar Asabar, idan Baba yana gwaji ita tana girki, ta kan ɗaga murya daga kicin ta ce abin nan ya yi tsini da yawa, yana shiga mata haƙori. Baba ba ya amsawa, amma bayan ɗan lokaci sai kukan ya sauko ya yi daidai.

Bara, ciwon zuciya ya kwantar da Baba, hannunsa na dama kuma ya fara rawa. Wata Asabar ya sa aka fito masa da kujera gindin mangwaro, ya kira matarsa ya nuna mata yadda ake ɗura mai, yadda ake maƙala batir a filogi, da yadda ake kaɗa farfela da ɗan itace don kada ta ci yatsa. Ta yi ta yi tana gunaguni har Rina ta amsa. Da injin ya yi shiru, sai ya ce:

"Maman Dinah, in na tafi, kada ki bar shi ya yi sanyi. Kowane Sati ki tada shi, ko minti biyar ne. In mai ya bushe a ciki, shi ke nan."

Ta ce masa ya daina irin wannan maganar, babu inda za shi. Bayan mako uku ya huta.

A jana'izarsa Mama ta tsaya da ƙafafunta. Ta karɓi baƙi, ta lura da tukwane, ta rarrashi 'yarsu Dinah, wadda ke aikin jinya a Kaduna. Matan Zumunta na cocinsu suka yi ta yabon ƙarfin zuciyarta. Da mutane suka watse, Asabar ta farko ta zo, ta fitar da Rina ta ɗaure a benci. Ta kaɗa har kafaɗarta ta gaji, babu amsa. Ta ajiye itacen ta sa hannu, farfela ta yanke ta a yatsa. Babu wanda za ta tambaya, sai ta buɗe akwatin mujallun nan, ta sa tabarau, ta fara daga ta farko.

A ciki ta sami amsar: man ne ta cika da yawa. Ta kuma sami abin da ba ta nema ba. A wani shafi na shekarun baya, wani mai karatu ya tambayi Baba da wace na'ura yake saita injuna. Ya amsa cewa ba shi da na'ura, yana da mata mai waƙa a Zumunta, wadda kunnenta ya fi nasa. Ya ce kowane injin da aka aiko masa, ya kan tayar da shi ne lokacin da take girki, ya jira ƙorafi daga kicin. In ta yi ƙorafi, mai ya yi kaɗan. In ta ci gaba da waƙarta, aiki ya yi. Ya roƙi masu karatu kada kowa ya gaya mata, domin in ta sani za ta fara yi masa kara. Babu kuwa wanda ya gaya mata. Ta karanta wurin sau uku, ta cire tabarau, ta zauna a bakin gado har tuwon da ta ɗora ya kama.

Tun daga ranar ba ta fasa Asabar ɗaya ba. Da ƙarfe huɗu ta kan share benci, ta kaɗa farfela, Rina ta ce tuf, tuf, wiiii, ita kuma ta murɗa allura har kukan ya zauna inda ya kamata. Maƙwabta sun ce idan suka ji, sai su manta na ɗan lokaci cewa Baba ba ya nan.

Ciwon ajalin marigayiyar ya fara da faɗuwar damina. Ta fara tari kafin ta tashi. Daga baya aka riƙa jin wani ƙas-ƙas can ƙarƙashin kukanta, wanda Mama kaɗai ke ji. Dinah ta ce a waya a hutar da ita, a sa ta a kabad ɗin gilashi kusa da hoton Baba. Mama kuwa ta naɗe Rina a tsohuwar rigar aikin mijinta, ta hau mota zuwa Gwantu, wurin Malam Nicholas, tsohon mai gyaran agogo wanda ya karanta shafin tun fitowarsa ta farko.

Malam Nicholas ya buɗe ta a kan farin ƙyalle. Ya daɗe yana dubawa da madubin ido ɗaya. Ya nuna mata tsaga, siririya kamar gashi, a jikin 'yar sandar ƙarfen da ke tura fiston. Ya ce ba za a sami irinta a kasuwa ba, domin duk abin da ke cikin Rina aikin hannun Baba ne, an yi shi daidai da jikinta. Sannan ya ajiye madubin ya ce:

"Mama, da wani ne ya kawo mini wannan, abin da zan gaya masa ɗaya ne. Ya kai ta Kafanchan, wurin Baba."

Daga baya ya bayyana mata cewa in ta daina tayar da ita, za ta zauna lafiya lau har jikoki su gani. In kuwa ta ci gaba, sandar za ta iya karyewa kowace rana. A hanyar dawowa, Rina tana kan cinyarta, ta yi ta juya maganar har suka wuce Godogodo. Abin da ta tsaya a kai shi ne, mijinta bai ce ta adana ta ba, cewa ya yi ta tayar da ita.

Rina ta ƙara Asabar shida. A ta bakwai ta amsa da kaɗawa ɗaya, ta yi kuka mai tsabta irin wanda ba ta yi ba tun Baba yana da rai, har Mama ta janye hannu daga allura don babu abin gyarawa. Ta yi kusan minti huɗu a haka. Sai aka ji ƙas, farfela ta juya ita kaɗai sau biyu ko uku, ta tsaya. Mama ta ɗora tafin hannunta a kan injin, da zafinsa, ba ta ɗauke ba har ya huce. Sannan ta shiga ɗaki ta kira 'yarta a waya.

"Dinah," ta ce, "yau dai Babanki ya tafi."

Dinah ba ta tambaye ta me take nufi ba. Ta ce tana zuwa da motar farko. A ranar ne Mama ta yi kukan da matan Zumunta ba su gani ba.

Marigayiyar ta bar farfela biyu, ɗaya da ɗan giɓi a baki. Rabin galan na mai. Batir ɗaya da ke da sauran rai. Da jirgi na takwas, wanda ke rataye a bango da fiffike ɗaya, Baba bai kai ga gama shi ba. Ta kuma bar wasiƙu goma sha tara da suka iso bayan rasuwarsa, daga mutanen da labari bai kai musu ba, kowace tana farawa da gaisuwa ga Baba da tambaya a kan wani inji. Mama na roƙon masu su gafara. Ta buɗe su duka, amma ba ta da amsar.

Za a yi ban kwana da marigayiyar ranar Asabar mai zuwa, a filin bayan tsohon loko, da ƙarfe huɗu na yamma. An tuntuɓi Fasto, ya ce babu tsarin sujada na inji a littafinsa, amma zai zo a matsayin maƙwabci. Matan Zumunta za su raira waƙa ɗaya. Ba za a binne ta ba, kuma ana sanar da 'yan gwangwan kada su wahalar da kansu. Malam Nicholas zai zo daga Gwantu ya rufe ta da hannunsa, ya ɗaura ta a hancin jirgi na takwas. Masu zuwa daga nesa su riƙo lema, gama damina ce.

Ba za a yi shirun minti ɗaya ba. Mama Afiniki tana roƙon duk wanda Baba ya taɓa gyara wa inji ya zo da shi, ya zo da mansa. Da ƙarfe huɗu da rabi daidai za a tayar da su gaba ɗaya, kuma kada kowa ya kashe nasa har sai man ya ƙare da kansa.