Kwalbatin Surukin Ciyaman

Duk wanda ya ce zumunci ya mutu a wannan zamani, to bai taɓa leƙa sakatariyar Alhaji Maiwada ba, Ciyaman na wata ƙaramar hukuma a wannan yanki namu na albasa. Bawan Allah ne da ko maƙiyinsa bai taɓa kiransa inuwar giginya ba. Tasa inuwar a gindinsa take tsayawa, ba ta ko leƙa katangar maƙwabta. Ranar da aka rantsar da shi ya yi alkawarin ba zai naɗa kowa ba sai wanda ya san halinsa ciki da bai. To wa mutum ya sani kamar wanda suka ci tuwo a akushi ɗaya? Shi ya sa in aka yi haihuwa a gidansu, ranar suna sakatariya a kulle take, daga ma'aji har mai gadi. 'Yan gari suka laƙaba masa Garkuwan Dangi, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har ya sa aka rubuta a bayan mota.

Babban abin alfaharinsa wani kwalbati ne da aka gina a hanyar ƙauyen su Mamuda, manomin albasa mai bakin da ba ya kwana da magana. Ranar buɗewa Ciyaman ya hau kai, babbar riga ta sha sitati, ya buɗe hannuwa ya ce, "Wagga gada jikokinmu za su bi ta kanta suna yi muna addu'a. Ko Turawa sunka gan ta sai sun tambayi wa ya yi."

Kwalbatin ya nuna tarbiyya, bai ba shi kunya a gaban baƙi ba. Ya jira ruwan farko.

Mamuda ne ya fara sanin ruwa ya tafi da shi. Ya ɗauro buhu biyu a babur zai kai kasuwar Jega, yana tafe yana lissafin riba, sai ya ji babu ƙasa a ƙarƙashinsa. Da bakinsa yake faɗa a majalisa cewa ran nan ya gane albasa ta fi shi iya ruwa. Ana dariya yana dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. Albasar da ya ajiye tun rani yana jiran tsada tana nan jibge a rumfa, danshi ya fara sa ta tsiro, motar dillalan Aliero kuwa ta zo bakin ramin ta juya. In ba a gyara hanya ba, noman shekara ya zama taki.

Ya tattaro manoma suka nufi sakatariya. Suka sami Garkuwa cikin fushi mai ban sha'awa. Ya daki tebur, ya rantse duk mai hannu a wannan aika-aika sai ya yaba wa aya zaƙinta, ko ɗan waye. Yana cikin rantsuwa aka turo ƙofa. Baba Haliru ne, kansila mai kula da ayyuka da ya gina kwalbatin, tsohon dillalin shanu wanda duk iliminsa na gini shi ne ya haifi Hajiya Zinatu, matar Ciyaman.

Mamuda ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mai girma ya zame daga kujera kamar an zare masa ƙashi, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ido a ƙasa. Ya gai da suruki da kwana, da gajiya, da ciwon gwiwa, da shanu. Baba ya sa masa albarka, ya ce mota yake so zai je ta'aziyya Maiyama. Aka ba shi, har da mai. Kwalbati bai samu shiga gaisuwar ba.

Da tsoho ya fita, Mamuda ya tambaya wa ya duba aikin har ya ce ya yi kyau. Kowa a ɗakin ya san Fahad ne, ɗan farin Ciyaman. Amma Garkuwa mutum ne mai kunya, bai taɓa kiran sunan ɗan fari ba tun ranar da aka raɗa shi. Ya kawar da kai ya ce wani yaro ne. Yaya za a kori wanda ba a iya faɗin sunansa?

Duk da haka, kada a ce ba a yi komai ba, aka kafa kwamitin bincike. Aka ba Mukhtar shugabanci, taubashin Ciyaman, wanda tun suna yara ba su taɓa yin maganar da ta wuce tsokana ba. Ya je bakin ramin, ya leƙa, ya sha fura, ya dawo. Albasar Mamuda kuwa ta fara aika wari har maƙwabta.

Ranar da aka tara jama'a, kwamiti ya bayyana cewa kwalbati yana zaune lafiya, bai yi wa kowa komai ba, sai da wani ya ɗora masa buhu biyu a babur ɗaya. Don haka Mamuda zai kawo yashi da duwatsu ya cike ramin da hannunsa.

Mamuda ya miƙe. "Ranka shi daɗe, wanda ya gina surukinka na, wanda ya duba ɗanka na, wanda ya bincika taubashinka na. Ni da na hwaɗa ciki, mi na yi?"

Garkuwa ya gyara hannun riga, ya dube shi da tausayi.

"Mamuda, kai dai ba ka da godiya. Kullum kuna cewa ba a hukunta kowa a mulkina. Na duba gabas, na duba yamma, duk wanda na ɗaga ido sai in taras ina jin nauyinsa. Kai kaɗai Allah ya kawo muna wanda ba mu haɗa ko kaka ba. In ban yi adalci a kanka ba, a kan wa zan yi?"