Ɓarawon Kafur a Akwatin Kaka

"…Afe, afe, sannu da gida. Ina gajiya, amaryata?"

"Ba gajiya. Tsaya nan bakin ƙofa, ɓarawo ba ya hawa tabarmata."

Zulkiflu ya tsaya yana dariya. Tun daga unguwar Dembe ya hayo babur zuwa Gardole a cikin Njamena, rana na dukan tsakar ka, amma ko a jikinsa. Jibi za a ba shi takardar kammala karatun malanta, kuma kakarsa Azumi ta yi alkawarin babbar rigar mijinta marigayi Alhaji Inusa zai saka. Shekara uku rigar na kwance a akwatin ƙarfe. Ga akwatin a buɗe, ga tsohuwa tsugune a gabansa da wani ƙullin tsumma a hannu.

"Kafur goma sha biyu na ƙulle a nan saboda asu," ta ce. "Taɓa ka ji. Mafi! Babu ko ɗaya!"

"To ni me zan yi da kafur?"

"Ka ɗauka alewa ce. Kai da ka cinye min sabulu kana rarrafe?"

"Ke kika ba ni, don kar in girma in gane na yi zaɓen tumun dare."

"Ji ɗan nema! Ruwa dai ba ya tsami banza. Kai kaɗai ke shiga ɗakin nan."

Bakinta na zolaya, amma ya lura ta kasa ɗaga zanen da ke rufe da rigar. In kafur ya daɗe da barin akwatin, asu ya gama da ita, kuma ita kaɗai ta rage wa tsohuwar daga mijinta. Sai ya matso ya miƙa hannu.

"Kawo ƙullin," ya ce. Ya jujjuya shi, sai ya daka tsalle. "Kaka! Wa ya yi wannan ƙulli?"

"Ni mana. Duk Gardole wa ya iya irinsa?"

"An kwance shi?"

Ta kai shi dab da ido. "A'a."

"To ɓarawonki zafin Njamena ne! Shi ya mayar da kafur iska, ya fice ta ramukan tsumma."

"Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Wannan ƙaryar za ka koya wa 'ya'yan mutane a makarantar lise? Ƙanƙarar da nake jefawa a karkanji, zoɓon nan namu, zafi ya taɓa ta, ta zama ruwa, na gani. Ruwan shayi ya tafasa ya zama tururi, na gani, har ya koma ruwa a marfin buta. Man shanu ya narke, in ya huce ya daskare. To ina ruwan kafur? Tsumman nan a bushe yake ƙamas."

"Ai kin fi malamanmu! Shi kafur ba ya yada zango a ruwa. Daga ƙwallo sai iska, kai tsaye."

"Irinka ke nan. Daga ƙofa sai tukunya, ba gaisuwa."

"Irinki dai. Daga sallama sai faɗa."

"Gani ya kori ji. Nuna min shi."

"Ido ba zai gani ba, hanci za ki aika. Ɗaga zanen."

Ta yi bismilla ta ɗaga. Ƙamshin ya bugo su har Zulkiflu ya yi atishawa biyu. Suka warware rigar tare, shi da hannu ɗaya ita da ɗaya, suna bin aikin wuyan da yatsa, suna ɗaga ta a hasken ƙofa. Ko hudar allura babu.

"Lafiya lau take!" ya yi ihu. "Kafur ɗinki bai gudu ba, cikin zaren ya shige yana gadi!"

Tsohuwa ta kifa fuska a rigar, ta daɗe ba ta ɗago ba. Kewar Alhaji ce ta taso mata.

"Ashe abu kan ɓace wa ido, yana nan," ta ce a hankali. Sai ta share ido da bakin mayafi, ta kwashe da dariya, ta jefa masa rigar a ka. "Kalas, shi ke nan, ka ci. Ɗauki, malamin iska. Amma ka shanya ta kafin jibi, kar a ce mijina warin akwati yake."

"Ɓarawo zai iya hawa tabarma yanzu?"

"Hau. Sabulun dai na ɓoye."