Murjanin da ke aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya zo daga Wurma ba, ranar da bakina ya jawo mini abin da har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse.

Ni dai Allah ya jarabce ni da kiwon murjani mai rai. Wata halitta ce ta cikin teku, ka gan ta kamar fure, da 'yan yatsu dogaye suna rangaji, kan kowanne yana ƙyalli kamar ƙaramar tocila. A waya na gani, na haukace, na sa aka kawo mini ɗaya tun daga Legas. (A Dutsin-Ma fa nake, inda mutum kansa da ƙyar yake shan iska a bazara.) Akwatin gilashi, ruwan gishiri na musamman, fanka, batirin sola. In aka ɗauke wuta, ni ne fifita da faifai, gumi yana zuba. Hadiza, matata, ta ce ko ranar da ta haihu ban yi mata wannan hidima ba.

To, Alhaji, surukin nawa, ya shigo falo, ya tsaya gaban gilashin.

"Ikon Allah! Malam, wannan fure ya yi kyau."

Ni kuma uban iyayi, sai na sunkuyar da kai na ce, "Ai naka ne, Baba."

Jama'a, wa bai san wannan magana ba? Ana faɗa ne kawai, baƙo ya ce Allah ya yi albarka, a wuce wurin. Amma sai Alhaji ya washe baki.

"Madalla! Hadiza, kawo bokiti. A randar tsakar gida zan sa shi."

Randa! Ruwan rijiya! Wallahi haushi ya kama ni har wuya, amma wa zai ce wa surukinsa ya fasa kyauta? Na kalli Hadiza ko za ta cece ni, ta ɗauke kai, kafaɗunta suna rawa don dariya. Da hannuna na ciro shi, na sa a bokiti, na rufe, na kai zaure.

Da Alhaji ya zagaya bayan gida, sai Shaiɗan ya ba ni shawara. Na lallaɓa zaure, na ciro abina, na jefa dutse a madadinsa. Kafin in juya na ji tarinsa. Ban san lokacin da na cusa murjanin a aljihun rigata ba.

"To Malam, ni zan koma."

Dole in durƙusa in yi masa sallama. Ina durƙusawa, ƙashin abin ya soke ni a cinya, ga kuma harbi kamar na rina. Na yi tsalle na ce, "Wayyo Allah!" Murjanin ya faɗo tim a gaban takalmin Alhaji, duk ya yamutse, ga gaban rigata sharkaf kamar yaron da ya yi fitsari.

Alhaji ya kalle shi. Ya buɗe bokiti, ya kalli dutsen. Sannan ya kalle ni.

"Malam, mayar da shi ruwa, kada ya mutu."

Shi ke nan abin da ya ce. Da ma zagina ya yi, da na fi jin daɗi. Ya rufe bokitin a hankali, ya ɗauka da dutsen a ciki, ya ce ya gode.

Murjanin bai kai Juma'a ba ya narke. Dutsen kuwa, Hadiza ta ce yana nan cikin randa a Wurma, duk baƙon da ya je sai an nuna masa kyautar suruki.

Yanzu ko hulata aka yaba, "na gode" kawai nake cewa, in dafe ta da hannu biyu.