Mil Ɗin Namu Ko Nasu?

Ba zan taɓa mantawa da mil talatin ɗin ƙasar Suwidin ba, ko da tsufa zai sa in manta ƙofar gidana. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na tura ma'aikata kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goron suna. Daga ofishinmu na malaman dabbobi aka zaɓi mu biyu mu je koyon kiwon shanun madara. Ni ne ɗaya, saurayi ɗan Ƙanƙara mai sabuwar difloma da wando mai faɗin ƙafa. Na biyun Malam Garba na Faskari, wanda ya kai sa'an mahaifina.

Malam Garba ya fara yi wa shanu allura tun ina rarrafe. Daga Faskari har dajin Sabuwa ba rugar da ba a san kekensa ba. Amma ba shi da takarda, don haka yara irinmu sai mu zo mu tarar da shi, mu gaishe shi, mu wuce shi. Takardar wannan kwas ita kaɗai za ta ɗaga shi mataki ɗaya kafin ya yi ritaya, kuma kowa a ofis ya san ba za a sake kiran sunansa ba. Shi ma ya sani. Kullum muka tashi daga aji sai ya zauna bakin gado da tabarau yana haddar cututtukan hantsa da Turanci, yana motsa leɓe kamar mai tilawa.

Ni kuwa abin da ya dame ni daban. Wata uku muna ƙasar Turawa, ban ga komai ba sai garken shanu da ɗakin karatu, to me zan faɗa a majalisarmu ta bakin kasuwar Ƙanƙara in na koma? (Tun a filin jirgi na riga na sanar da kowa cewa ni ɗan Ƙanƙara ne, saboda haka ƙanƙarar Turai 'yar uwata ce. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, amma na ci gaba da faɗa.)

Ana saura mako ɗaya mu gama, wani malaminmu ya nuna mana hoton wasu mutanen arewacin ƙasar da ke kiwon wata irin barewa mai ƙaho reshe-reshe, suna kora ta garke-garke, har tatsa suke yi. Malam Garba ya riƙe hoton ya daɗe. Da muka fito ya ce, “Ɗana, barewa hwa! A kora ta kamar saniya ta tsaya? Da zan ga wanga abu da idona, da na samu abin ba Fulanin Sabuwa labari har in mutu.”

Nan take na ɗauki alkawari. Na ce, “Baba, ai ni zan kai ka. Da hannuna zan tuƙa.”

Matar da ke kula da masaukinmu wata dattijuwa ce, Ingirid, amma Malam ya sa mata Inna, muka bi shi. Turancinta bai fi Hausarta da yawa ba. Tana da wata tsohuwar mota da mijinta ya mutu ya bari, tana goge ta duk mako ko da ba za ta fita ba. Na same ta a kicin na nuna mata hoton, na tambaye ta nisan gari mafi kusa da masu barewar. Ta ɗaga yatsu goma sau uku, ta ce, “Mil.” Wallahi haka ta faɗa, mil, sak yadda muke faɗa a Hausa. Har na ji daɗi, na ce ashe su ma kalmarmu suka ara.

Mil talatin! Ai kusan Ƙanƙara zuwa Faskari ke nan, hanyar da nake bi da motar ofis ina cin gyaɗa da hannu ɗaya. Na shimfiɗa taswira a kan gadon Malam, na aza ɗan yatsana daga makarantarmu zuwa garin, tsawon yatsa ɗaya cif. Na tuna taswirar bangon ofishinmu, a can ma Ƙanƙara zuwa Faskari yatsa ɗaya ne. Lissafi ya fita. (An koya mana ma'aunin taswira a makaranta, kada a zargi malamaina. Ni ne na ga yatsana ya fi sauƙi.)

Na tsara tafiya kamar wani babban hafsan soja. Ranar Lahadi ce kaɗai muke da hutu. Mu tashi da hantsi, mu ga barewa, mu ɗauki hoto ni ina jingine da mota, mu yi azahar a bakin wani tafki, mu dawo kafin la'asar. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Malam a rai: washegari Litinin da safe ake jarrabawar ƙarshe, kuma mai jarrabawar daga babban birni zai zo, ya yi ta, ya koma a ranar.

“Ɗana, ka tabbata muna dawowa da wuri? Ina son in ƙara bin littahina.”

“Haba Baba! Faskari ce fa. Ka taɓa zuwa Faskari daga Ƙanƙara ka kwana a hanya?”

Ya ce, “To, kai ka yi boko.”

Da Inna ta fahimci a rana ɗaya za mu je mu dawo, sai ta riƙe baki. Ta yi ta faɗin wata kalma tana miƙa hannu can nesa. Na yi ta murmushi ina gyaɗa kai irin na wanda ya ga duniya. Safiyar Lahadi ta ba ni makulli, ta cika kujerar baya da burodi da cuku da shayi a gora, ta ɗora manyan barguna biyu. Na juya na ce wa Malam da Hausa, “Ka ga Turawa ko? Mil talatin, amma guzuri sai ka ce masu tafiya Makka a ƙasa.” Ta kuma nuna mini allurar mai, tana tsakiya. Na ɗaga mata hannu. Rabin tanki ai har Funtuwa zai kai mu mu dawo.

Farkon tafiyar, gaskiya, ta yi daɗi. Titi sumul, itatuwa dogaye, tafki nan tafki can. Malam ya ɗora littafinsa a cinya yana ta “Ikon Allah!” Sai muka wuce wani allo mai sunan garin da muka nufa, a gabansa an rubuta lamba ɗari biyu da wani abu. Gabana ya faɗi, amma bakina bai faɗi ba.

“Ɗana, mi waccan lamba ke nuhi?”

“Yawan mutanen garin ne, Baba. Haka suke yi a nan.”

Muka ci gaba. Can sai ga wani allon, lambar ta ragu. Aka jima ga wani, ta ƙara raguwa. Malam ya cire tabarau ya dube ni.

“Ɗana, anya garin nan lahiya? Tun ɗazu mutanensu ke raguwa. Ko annoba aka yi?”

A nan ya kamata in taka birki in ce, Baba, ban san abin da nake yi ba, mu juya. Man da ya rage a lokacin zai mai da mu gida. Amma sai in ce na yi kuskure? Ni mai difloma, a gaban mutumin da ya ce ni na yi boko? Na ce a raina allon ne bai san hanya ba, Inna ai 'yar ƙasa ce. Na ce wa Malam bayan wancan tudun ne. Muka hau tudun muka sauka, sai wani tudun.

Gidaje suka ƙare. A ƙasarmu ko a tsakiyar dajin Sabuwa ka tsaya, kafin ka gama fitsari wani ya ɓullo da sanda a kafaɗa yana yi maka sannu. A can ba kowa, ko akuya babu. Gidan mai ɗaya muka gani, a rufe, don Lahadi ce. Rana kuma ta ƙasar nan a ƙarshen kaka ba ta da kunya, ana azahar ta fara haɗa kayanta. Kafin la'asar duhu ya rufe, ƙanƙara ta fara zubowa, motar ta yi tari sau biyu ta mutu a gefen daji.

'Yar uwata ƙanƙara ba ta gane ni ba. A cikin bargunan da na yi wa dariya muka kwana, muka cinye burodin masu tafiya Makka har ɓurɓushi. Malam bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi.

Da gari ya waye na ga yana duba agogo. Lokacin shiga jarrabawa ya yi. Ya rufe littafin da ke cinyarsa, ya sa shi cikin aljihun babbar riga, ya juya yana kallon itatuwa. Wata motar katako ce ta tsaya mana daga baya, direban ya kai ni inda na samo mai a galan. Ba mu ƙarasa wajen barewa ba, muka juyo.

Ana cin abincin rana muka iso makaranta. Duk hanya ina dafa magana a cikina, don na riga na samo mai laifi. Na banka ƙofar ɗakin cin abinci, idanu jajur, hula a karkace, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban da malamai duk suna zaune. Inna ta taso da gudu hannu a buɗe, ashe tun jiya take bakin taga, har 'yan sanda ta kira. Ni kuwa na ja da baya, na nuna ta da yatsa (yatsan nan dai na awo), na ɗaga murya da Turancin da na fi ji da shi. Na ce wannan mata ta yi mana ƙarya. Ta ce mil talatin, mun yi fiye da ɗari ba mu kai ba. Na ce a ƙasarmu ba a yi wa baƙo haka. Na ce ita ta jawo dattijo ya rasa jarrabawarsa, kuma sai an bi mana hakkinmu.

Shugaban kwas ya tambaye ta wani abu da yarensu, ta amsa. Sai ya juyo gare ni a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya magana. Ya ce gaskiya ta faɗa, mil talatin ne. Sai dai mil ɗinsu ɗaya kilomita goma ne, wato ya fi namu shida. Ya ƙara da cewa ai an rubuta kilomitocin a kan alluna duk hanya, ban gani ba?

Kafin in buɗe baki, Malam Garba, da Turancinsa na allurar shanu da zuciyarsa ɗaya, ya ce ai mun gani, amma wannan yawan mutanen garin ne, ɗansa ya gaya masa.

Wani ɗalibi ya ƙware da miya. Daga nan ɗakin ya fashe. Har masu wanke kwanuka suka leƙo. Ina tsaye da yatsana a sama, na rasa inda zan ajiye shi. Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta karɓi makullin motar mijinta daga hannuna, ta share ido da gefen riga. Malam ya rusuna a gabanta ya ce da Hausa, “Inna, ki yi haƙuri, yaro ne.” Ta gane, ba tare da tafinta ba.

Mai jarrabawa ya riga ya hau jirgin ƙasa. An roƙa, aka ce ba zai dawo ba sai wata shekara, mu kuma jirginmu jibi. Aka ba mu takardar shaidar mun halarta, wadda ba ta ce mun ci ba. A Kaduna aka duba tawa aka ce ba komai, ai ina da difloma, shekara na zagayowa aka ƙara mini girma. Aka duba ta Malam aka mayar masa a cikin ambulan ɗinta. A matakin da na same shi ya yi ritaya, ya koma Faskari yana noman dawa. Abin da kawai ya taɓa ce mini a kan maganar, a cikin jirgi ne muna dawowa: “Barewar ma ba mu gani ba.”

Labarin ya riga ni isa majalisar bakin kasuwa. Shekaru ana kirana Mai Ƙidayar Jama'a, na kuma amsa, don na cancanta. Abin da ban iya ba shi ne zuwa Faskari. In aiki ya kai ni Sabuwa sai in zaga ta wata hanya, ina ce wa direba waccan ta lalace. Kullum ina cewa sai na shirya abin da zan faɗa masa tukuna.

Wata ranar kasuwa wani dillalin shanu ya tare ni ya ce daga Faskari yake, Malam Garba na kwance ba lafiya, ya ba shi saƙo. “Ya ce a gaya maka, mil ɗin Faskari irin namu ne, ba irin na Inna ba. Rabin tanki ya isa.”

Na yi dariya har da hawaye a tsakiyar kara. Na ce ranar Juma'a zan je, in sha Allahu, ai kusa ne. Ranar Juma'ar na je. Na tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane zaune ana karɓar gaisuwa, tun Laraba aka kai shi.

Yanzu in mutum ya ce mini wuri kusa ne, sai in tambaye shi, mil ɗin namu ko nasu? Yara suna ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Ni dai na auna duka biyun da kaina: na Turawa ya ci mini kwana ɗaya, namu na Ƙanƙara zuwa Faskari kuwa har yau ban gama shi ba.