Ƙara a Gaban Motar Suruki

Wani ne surukinsa zai yi tafiya, sai ya kawo masa ajiyar motarsa. Tsohuwar mota ce, amma tsohon yana ji da ita kamar ransa. Ya miƙa masa makulli ya ce, "Ka riƙa tayar da ita kana ɗan zagawa, kada batir ya mutu. Iyakar abin da nake so ke nan."

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Ai a hannun gwani ka bar ta."

Washegari mutumin naka ya zura sabuwar riga, ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya shiga zaga unguwa yana yi wa mutane hon. Yana faɗawa wani ɗan rami sai ya ji daga gaba: ƙwal-ƙwal. Ya taka birki, shiru. Ya sake tashi, ƙwal-ƙwal. Nan take ya juya kan mota. Ya lallaɓo gida, ya faɗa wa matarsa.

Ta ce, "To ka kai ta gareji mana."

"Gareji? In miƙa motar Baba ga bakanike ya kwance min ita ɗaiɗai? Ba ki san mutanen nan ba. Ka kai musu mota da mura, su dawo maka da ita ba ƙafa. Ni da kike gani, kunne gare ni. Tun ina yaro ni ke gyara agogon gidanmu."

"Wanda yake tafiya da baya?"

"Yana tafiya dai, ko ba ya tafiya?"

Ya fito ƙofar gida ya buɗe bonet, ya riƙe ƙugu yana girgiza kai. Ko minti biyar ba a yi ba, sai ga maƙwabta, tela da mai aski. Duk cikinsu babu mai ko keken hawa.

Mai aski ya ce, "Yaya take yi? Yi mana mu ji."

"Ƙwal-ƙwal."

"Ƙwal-ƙwal, ko ƙwalal-ƙwalal?"

"Da bambanci?"

"Babba ma! Idan ƙwalal-ƙwalal ce, shokazoba ce. Idan ƙwal-ƙwal ce, sai addu'a."

Tela ya ce, "Kai, rabu da shi. Rashin mai ne kawai. Keken ɗinkina ma haka yake yi."

Suka kasa kunne su uku, mota ta yi tsit. Suka jijjiga ta, ko tari ba ta yi ba. Sai mutumin ya buga cinya.

"Na gano ta! Munafuka ce, ba ta yi sai tana tafiya. Wani ya tuƙa, ni kuma in kwanta a kan bonet in sa kunne. Wa ya iya tuƙi?"

Tela ya ce, "Ba takawa ake yi ba? Ni da nake taka keke tun safe har yamma?"

Mutumin ya rufe bonet, ya hau ya yi rub da ciki, ya manna kunne. Tela ya shige ciki. Da ƙyar aka samu giya ta shiga. To ka san ƙafar tela ba ta san zama wuri ɗaya ba. Ya taka totur, ya taka birki, ya taka totur, ya taka birki, kamar ɗinkin gaggawa ya kama. Mota ta shiga tsalle irin na ɗan akuya.

"A hankali!"

"Me ka ce? In ƙara?"

"Ka tsaya!"

Tela kuwa ya tsaya da dukan ƙarfinsa. Mota ta tsaya cak, mutumin bai tsaya ba. Sai a cikin kwata aka tsamo shi, sabuwar riga ta koma tsumma.

Mai aski ya ce, "Sannu. Ka ji ƙarar kuwa?"

"Na ji wata. Amma ina zargin daga ƙuguna ta fito."

Suka turo mota cikin gida, maƙwabta suka sulale. Matar ta gasa masa ƙugu da ruwan zafi, ta ce, "Maigida, don Allah ka haƙura ka kira mai gyara."

"Yanzu da na kusa kama ta? Ai hanyar mai sauƙi ce. In cire abu ɗaya, ki tura, in saurara. Wanda na cire ƙarar ta ɗauke, shi ne mai laifi."

Ya aro sifana da jak. Ya fara da bamba. Matar ta tura mota daga bakin ƙofa zuwa gindin igiyar shanya. Ƙwal-ƙwal. Ya cire fitilu. Ta tura. Ƙwal-ƙwal. Ya cire hon.

"Hon kuma me ya yi?"

"Duk motar nan wa ya fi shi son ƙara?"

Ya kwance lagireto, ruwa ya malale tsakar gida. Ya sauke batir. Kowane ƙarfe ya ciro sai ya kai kunne ya girgiza, ya ce, "Kai ne?" Ƙarfe ya yi shiru, ya ajiye shi gefe. Notuna suka cika kwanon miya, suka cika farantin baƙi, har ya aika a juye masa gishiri a ba shi gwangwanin.

Matar ta ce, "Ka san inda kowanne zai koma kuwa?"

"Su ai sun san wurinsu."

Ta tura, ta tura, har bayanta ya riƙe. Ƙarar kuma ta samu 'yan'uwa. Ga ƙwal-ƙwal, ga garau-garau, ga wata siririya mai kama da kukan ɓera.

Ya ce, "Kin gani? Sun fara tona wa juna asiri."

Haka ya kwashe kwanaki. Ba ya zuwa aiki, ba ya cin abinci sai a ƙarƙashin mota. Daga ƙarshe ya ɗaga gaban ya ɗora a kan bulo, ya cire tayoyi, ya bi duk abin da ke bayansu ya zare. Da ya ga sitiyari ya zauna shi kaɗai ba abin da yake juyawa, ya ce zaman banza yake yi, ya cire shi ya rataye a ƙusar ɗakin girki.

"Zo ki tura."

Ta tura, mota ko gezau.

"Kin ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"Ƙara turawa!"

Ta sa kafaɗa. Shiru kake ji. Mutumin ya daka tsalle ya manta da ƙugu.

"Me na faɗa miki? Da yanzu wani bakanike ya lalata wa Baba mota!"

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Sai ga suruki da jakarsa a hannu, ko gida bai biya ba, ya zo ɗaukar motarsa. Matar na hango mahaifinta ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Tsohon ya tsallake bamba. Ya kewaye lagireto. Ya dubi tayoyi a jingine da randa, ya dubi kwanon miya cike da notuna. Ya ɗaga kai ya ga sitiyarinsa a rataye kusa da ludayi. Ya daɗe yana kallonsa.

Mutumin ya durƙusa, fuska duk baƙin mai, haƙora a waje.

"Baba, sannu da hanya. Albishirinka! Ka san wata ƙara da motar nan take yi a gaba?"

"Na sani."

"To ta tafi, Baba. Ta tafi ke nan har abada!"

Tsohon ya ajiye jakarsa a hankali, ya ce, "Madalla. To tashi ka bi ta da gudu, ka ce ta dawo min da motata."