Yadda Za Ka Kai Ɗalibai Binciken Ambaliya Ba Tare da Sun Gane Gidanka Ba

Wannan jagora naka ne, kai malamin labarin ƙasa da ka shekara kana zana kibiya a allo kana cewa kada kowa ya yi gini a hanyar ruwa, sannan ka je ka gina naka a tsakiyarta. Ba zan tambaye ka dalili ba. Da rani dillali ya nuna maka filin, ƙasa a bushe ƙamas, kai kuma ka gaji da ganin mahaifiyarka a ɗakin haya. Yanzu damina ta ƙarato, 'yan ajin ƙarshe za su fita aikin gani da ido, kuma unguwarku ake shirin zuwa. Ka bi matakan nan bi da bi. Na yi maka alkawari za ka je ka dawo da mutuncinka cif, ko ɗalibi ɗaya ba zai san inda kake kwana ba.

Mataki na 1: Ka nuna wani wuri daban

Ka shiga ofishin shugabar makaranta da taswira a hammata, ka yabi dutsen da ke bayan gari. Ka ce yaran yanzu ba su san dutse ba, kuma wannan abin kuka ne. Ka kawo shawarar kasuwa, ka kawo ta wurin fasa tsakuwa.

Za ta saurare ka tana sa hannu a takardu, sannan ta ce, "Malam, ruwa ne darasin wannan zangon. Unguwar ƙarƙashin gada za ku je, kowa ya san can yake taruwa. Ko akwai matsala?"

Ka ce babu. Ka ƙara da cewa dama can kake da niyya.

Mataki na 2: Ka gyara gida

Ruwa yana da mummunar ɗabi'a: idan ya tafi sai ya bar shatinsa a bango. Ka sayo fenti ka shafe shatin da ke katangar waje, daga ƙasa zuwa gwiwa. Ka kai babur ɗinka gidan maƙwabci. Ka cire takalminka na zuwa aiki daga bakin ƙofa, domin ɗalibin da ba ya gane kogi a taswira yana gane takalmin malaminsa daga nesa.

Sannan ka zaunar da matarka ka yi mata bayani. Gobe ba ta san ka ba.

Za ta ce, "Baban yara, wato in na gan ka a ƙofar gidanka in ce sannu baƙo?"

Ka ce haka ne. Za ta dubi fentin, ta dube ka, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta fasa ta koma wanke-wanke. Kada ka tambaye ta abin da ta so faɗa. Masana sun tabbatar cewa yawancin matsalolin gida daga tambaya suke farawa.

Mahaifiyarka kuwa, wadda ka ba ɗakin baya saboda ya fi nisa da hayaniyar titi, kada ka gaya mata komai. Ba a ba uwa umarni. Ka dai yi fatan barcin hantsi zai ɗauke ta.

Mataki na 3: Ka raba ɗalibai da hikima

Da motar makaranta ta sauke ku a bakin gada, ka raba kayan aiki: igiyar awo, kamfas mai nuna arewa, sanda mai lamba. Masu barci a aji ka tura su gangare, wajen gidanka. Masu kai ka tura su tudu, su je su ƙirga bishiyoyi.

Ka sa ido musamman a kan yarinyar nan ta kujerar gaba, wadda 'yan ajin suke kira Me-Ya-Sa saboda ba ta barin magana ta wuce ba ta tambaya ba. Ita za ka tura can ƙarshen tudu.

Abin takaici, kai ne ka koya mata cewa ruwa gangare yake bi. Za ta ɗora ƙwallon roba a ƙasa ta sake shi, ta bi shi a baya, sauran su bi ta. Ba da jimawa ba duk ajin zai tsaya a inda ƙwallon ya tsaya. Ka san inda zai tsaya.

Mataki na 4: Maƙwabta

Mai shagon kan kwana zai ɗaga murya ya ce, "A'a, Malam, yau da wuri aka taso?"

Ka amsa da ɗaga hannu kawai, sannan ka gaya wa ɗalibai cewa mai bincike na gaskiya yakan zo wuri sau da yawa kafin ya kawo aji. Ka ce su rubuta wannan, zai iya fitowa a jarrabawa.

Mataki na 5: Ka zagi mai gidan

Me-Ya-Sa za ta tsuguna a gindin katangarka ta shafa fentin da yatsa.

"Malam, me ya sa duk layin nan gidan nan kaɗai aka yi wa sabon fenti, kuma iya gwiwa?"

Ka ce mutane kala-kala ne.

"Amma Malam, nan ne ruwan tudu biyu yake haɗuwa. Wanda ya gina gidan nan bai yi makaranta ba ko?"

Nan ne gwanintarka za ta fito. Kada ka kare shi. Ka gyara tsayuwa ka yi jawabi a kan jahilci da son banza da rashin neman shawarar masana. Ka yi shi da zafi, domin ba ka taɓa koyar da darasin da ka sani kamar wannan ba. Idan ka ji ƙarar kwano ya faɗi a cikin gida, matarka ce. Dariya take yi ko wani abu daban, ba lokacin bincike ba ne.

Mataki na 6: Idan tsohuwa ta fito

Ba ta yi barci ba. Za ta fito tana dogara sanda, ɗalibai su ruga su kawo mata kujera, domin kai ka koya musu cewa a bakin tsofaffi ake jin tarihin wuri. Za ta kalle ka sama da ƙasa, da taswirarka da biron da ke aljihunka, ta ce, "Sannu, Malam."

Ka ce, "Yawwa, Mama. Ina kwana?" Ka riƙe fuskarka.

Za su tambaye ta wa ya gina gidan. Za ta ce, "Ɗana ne. Don ni ya gina. Ya ce ba zan ƙare kwanana a ɗakin wani ba."

Za su tambaye ta inda ruwa ya kai bara. Ka shirya jin ta ce iya gwiwa, tun da iya gwiwa ka gani ranar da ka dawo daga aiki. Ita kuwa za ta ɗora hannu a ƙugunta.

"A waje ne iya gwiwa, jikokina. Ɗakina ya fi ko'ina zurfi. Da rana aka yi ruwan, surukata ta kai yaro asibiti, ni kaɗai ce. Na hau gado, ya biyo ni. Na ɗora akwati a kan gadon na hau akwatin, na zauna ina kallon takalmana suna yawo. Da ya janye muka share, muka jawo kabad muka rufe bangon."

"Kaka, ba ki gaya wa ɗan naki ba?"

"In gaya masa ya yi yaya? Duk abin da yake da shi a nan ya zuba. Yaro ne mai saurin damuwa."

A wannan gaɓar ka buɗe kamfas ka duba arewa. Ka daɗe kana dubawa. Ɗalibai suna girmama malamin da ba ya gaggawa a kan arewa.

Mataki na 7: Maki

Me-Ya-Sa za ta kawo taswirarta da safe, tsaf-tsaf, da shuɗiyar kibiya da ta sauko daga tudu biyu ta shiga ta ɗakin baya. Ka nemi kuskure. Ka duba ma'auni, ka duba rubutu, ka juya takardar. Ba za ka samu ba, kuma wani ɓangare na zuciyarka zai ji daɗi, domin koyarwarka ce ta zauna. Ka danne shi.

Kafin ta fita za ta ce, "Malam, ya kamata wani ya gaya wa ɗan tsohuwar nan. In aka yi irin na bara, akwati ba zai isa ba."

Ka ba ta cikakken maki. Ka ce za ka sa a gaya masa.

Mataki na 8: Gado

Ka koma gida, ka ja kabad ɗin ɗakin baya gefe, ka tsaya kusa da shatin ka ga inda ya kai maka. Sannan ka kira matarka ku ɗauki gadon tsohuwa zuwa ɗakinku na gaba, naku ya koma baya. Ka ce saboda iska ne.

Matarka za ta kama ƙafar gado ta ce, "Wato mu ne za mu gwada taswirar?"

Ka ce ta ɗaga ɓangarenta. Ka kuma fara tunanin yadda za ka buga wa ƙanenka waya ka tambaye shi ko ɗakinsa na baƙi yana nan, kai da ka yi shekara kana gaya masa ya daina haya ya yi gini kamar manya.

Sanarwa

Kamar yadda aka alkawarta, babu ɗalibin da ya gane gidanka. Marubucin wannan jagora bai ɗauki alhakin fenti ba, ko ciwon baya, ko abin da damina za ta yanke, domin da ɗalibai kawai aka yi yarjejeniya. Haka kuma ba ruwansa idan kana ɗaure ƙafar gado tsohuwa ta taɓa kafaɗarka ta ce a hankali, "Yaron nan, na yi daidai ko? Ban faɗi sunanka ba." Babu mataki na wannan. Marubucin ya nema bai samu ba.